Malam Lawali da ƙasar da Inna ta rege

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Lawali ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a nan Bakura, ina tsaye ina dama wa yara koko. Yayana Mu'azu ne ya kira daga Faru. Mutumin da yake iya cinye katin waya a kan "ina gajiya, ina gida" kaɗai, yau ko gaisuwa bai tsaya mun yi ba. Ya ce, "Rabi, Malaminku ya cika bayan asuba." Muryarsa ta karye, ya kashe wayar.

Kokon nan dai ba a sha shi ba.

Tun ɗazu nake ɗaukar wayar ina ajiyewa. Amma in ban rubuta ba zuciyata ba za ta bar ni ba, don haka ku yi haƙuri da tsawon abin.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Lawali malamin kemistiri ne a babbar makarantar da na yi a Talata Mafara. Dogo ne siriri, farar rigar lab ɗinsa kullum da ƙananan huji inda asid ya taɓa. Ɗalibai suna kiransa Baba Ɗigo a bayan idonsa, saboda ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "ɗigo-ɗigo, ba kwarara ba." Ya san da sunan. Wata rana ma da kansa ya rubuta shi a kan allo, ya ce a riƙa saka ƙugiyar ɗ ɗin daidai.

Faɗa ne da shi, kada a ce na ɓoye. Ka zuƙi ruwan magani da baki ta bututun gilashi a gabansa, sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Amma shi ne mutumin da ya lura dogon hijabina yana lilo kusa da wutar gas, bai ce mini uffan a gaban maza ba. Bayan kwana kaɗan sai ga leda. Matarsa ya sa ta ɗinka mana gajerun hijabai na auduga, mu 'yan matan ajin duka.

Lokacin ina goyo kuwa, duk aikin da yake tayar da hayaƙin asid shi yake karɓa ya yi. Sai ya ce, "Tahi waje ki sha iska, huhun yaron ga ba shi cikin manhaja."

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne auna tantalam. Wani ƙarfe ne da ake samu a cikin baƙin dutsen da masu haƙa suke kira tantalait, kuma akwai ɗan mitsitsinsa a cikin wayar da kuke karanta wannan rubutu da ita. Matsalarsa ita ce a ƙasa ba ya zuwa da yawa. Wani lokaci abin da ke cikin buhu guda bai kai a gani da ido ba. To ta yaya za a auna abin da ba a gani?

Da launi.

Ranar farko da zai koya mana, da jarkar zoɓo ya shigo aji. Muka fara murna, mun zaci walima ce. Ya jera kofuna na gilashi, ya zuba ruwa daidai wa daida a cikinsu. Na farko bai saka komai ba. Na biyu ya ɗiga zoɓo kaɗan, na gaba ya ƙara, haka har na ƙarshe ya yi ja sosai. Sai ya juya mana baya ya haɗa wani kofin, ya ɗora a tebur ya ce mu gaya masa yawan zoɓon da ke ciki. Muka riƙa matsar da kofin a gefen 'yan uwansa har muka sami wanda suka yi kama. Ya ce shi ke nan, mun gama kwas ɗin, saura wahala.

Wahalar kuwa ta zo. A niƙa dutse ya yi laushi kamar kwalli. A auni ɗan abin da bai kai gishirin da ake ɗiba da yatsu biyu ba. A haɗa shi da wani farin gishirin lab a ɗan kasko, a ɗora a wuta har ya narke. Ya huce, a jiƙa shi a ruwan magani, sannan a ɗiga wani sinadari mai suna fairogalol. In akwai tantalam, ruwan zai juya rawaya. In kaɗan ne, rawayar ta yi fari-fari. In da yawa, ta yi kauri.

A bakin taga yake jera dogayen kwalabensa na gwaji, waɗanda ya riga ya san yawan tantalam ɗin da ke cikin kowace. Ta farko ita ce wadda yake kira kwalbar babu, an saka mata duk magungunan amma ba dutse. Ya ce wanda bai san kamannin babu ba, komai ya gani sai ya ce akwai.

Akwai na'urar da take karanta launin, in an kawo wuta. Kun dai san yadda wutarmu take. Yawancin ranaku farin tayil ne a bayan kwalba da hasken hantsi da idon mutum.

To ga dalilin da ya sa Yaya Mu'azu ya kasa magana a waya yau.

Muna da gona a Faru, ta mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa. Tudun ana gero da dawa da damina, gangaren wajen rafi kuma ana albasa da rani. Da ita Inna take ci, da ita ta aurar da mu. Ina shekarar ƙarshe a makaranta sai aka fara haƙa a wasu gonaki gaba da mu. Wani baƙo ya bi ta gefen tamu, ya ga baƙin yashi kwance a inda ruwan sama yake bi, ya ce wa Yaya a kan arziki yake barci.

Kada kowa ya zagi Yayana a nan. A shekarar ne ɓarayi suka kore masa shanu, ga iyali, ga Inna, ga mu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ya sayo diga da shebur. Ya yi magana da masu haƙa, suka ce kafin ruwan farko za su shigo. Kuma duk wanda ya ga gonar da aka haƙa ya san ba ta komawa gona. Jar ƙasar ciki ta hau sama, ramuka kamar rijiyoyi, ko tumfafiya sai ta yi shawara kafin ta fito.

Na yi ta roƙonsa ya bari a auna tukuna. Da ƙyar ya yarda, shi ma don ya rufe mini baki ne.

Ranar Talata, ranar kasuwa, ya zo Mafara da gwangwanin madara cike da baƙin yashi. Yashi mai kyau, mai nauyi, yana ƙyalli. Malam ya karɓa, ya ce ya dawo washegari da hantsi. Ya dawo tun kafin a buɗe lab. A gabansa aka ɗiga fairogalol.

Ruwan ya yi rawaya har ya wuce kwalbar ƙarshe a layi.

Yaya ya yi kabbara. Ni kuwa na san gona ta tafi. Har ya zaro waya ya nufi ƙofa zai kira masu haƙa.

Malam bai ko kalli kwalbar sau biyu ba. Gwangwanin yake juyawa, yana murza yashin a tafin hannu. Ya ce, "Malam Mu'azu, dakata. Wagga ƙasa ta cika tsabta. Ba haki, ba tsakuwa, ba jar ƙasa ko ƙwaya. Wa yaɗ ɗebo ta?"

Yaya ya gyara tsayuwa, da alfaharinsa. Ya ce, "Inna ta. Da hannunta tar rege ta cikin ƙwarya, tas sake regewa. Yo a kawo ma malami ƙasa da datti?"

Ban taɓa ganin Malam ya yi dariya irin ta ranar ba. Sai da ya zauna a kan kujera ya cire tabarau yana share ido.

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun gane abin da ya faru. Inna ba ta taɓa aika wa babban mutum abu yadda ya zo ba. In gero ne sai ta sheƙe ta tsince, in albasa ce sai ta zaɓi manya. Da ta ji ƙasar gonarta za ta je gaban malamin 'yarta, sai ta yi mata abin da take yi wa shinkafa. Ta zuba a ƙwarya da ruwa, ta yi ta regewa, mara nauyin yana tafiya, mai nauyin yana kwantawa. Abin da ya kwanta shi ta shanya ta cika gwangwani.

Wato ba gonar aka auna ba. Ladabin Inna aka auna.

Malam ya yi wa Yaya bayani a hankali. Ya ce a rawayar nan ma akwai rabon wani ƙarfe, taitaniyam, da ya cika baƙin yashin rafi, shi ma launin da yake bayarwa ke nan, sai an auna shi daban an cire. Amma babbar maganar ita ce ba wanda ya san ƙasa nawa aka wanke kafin a sami cikin gwangwanin.

Yaya bai ji wannan karatun ba. Idonsa ya ga rawaya. Ya ce, "Malam, ni dai abin da nig gani, na gani. In kuna son ku ɓoye shi don wasu manya su zo su kwashe daga baya, ku hwaɗa mani kai tsaye."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya mayar da tabaransa. Na zaci faɗan nan nasa zai tashi. Sai ya ce, "Ka yi gaskiya da ba ka yarda da ni ba, ba ka san ni ba. Ran Asabar ina tahe Faru. Kai za ka ɗebi ƙasa da hannunka, kai za ka riƙe ta, kai za ka karanta launi. Ni ɗan rakiya na."

Lokacin hanyar Maradun da ake bi zuwa Faru ba ta da daɗi saboda 'yan fashi, kowa ya sani. Na ce masa ya bari, ba dolensa ba ne. Ya ce ai albasar Faru ya daɗe yana jin labari.

A bayan mashin ya zo, hularsa a aljihu don kada iska ta ɗauke.

Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo fura. Gaisuwa ta yi tsawo yadda ya kamata, aka tambayi gida, aka tambayi ɗalibai, aka tambayi gajiyar hanya, aka koma aka sake tambayar gida. Sannan ta ce, fuskarta a ɗaure, "Allah shi gahwarta Malam, an ce ƙasar da niy yi maka aike ba ta yi ba."

Ya ce, "Inna, ta yi har ta wuce. Ban taɓa ganin regewa irin wagga ba. Ƙwarya nawa kika wanke kahin ki cika gwangwanin?"

Ta ce, "Wa ya ƙirga? Tun da anka gama girbi nika bin hanyar ruwa ina kwasa. Bayana har yau bai daina ciwo ba."

Na saci kallon Yaya. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Muka fita gona. Malam ya sa Yaya ya riƙa tona ƙananan ramuka, nan da can, tudu da gangare, tsakiya da gefe, inda baƙin yashi yake da inda babu. Duk inda Yaya ya nufi wuri mai ƙyalli, sai Malam ya ce to, a ɗiba nan, amma a ɗibi na bayan kukar can ma. Aka tara a kan buhu, aka cakuɗa, aka baje, aka raba huɗu, aka zubar da biyu masu kallon juna, aka sake cakuɗa sauran. Haka aka yi ta yi har tulin ya dawo cikin gwangwani.

Abin dariyar, duk wannan aikin Inna tana tsugune a gefen buhun, hannunta yana kai-komo. Ta cire haki, ta cire tsakuwa, ta cire kashin awaki. Ba da gangan ba, hannun ne ya saba. Malam ya ce, "Inna, don Allah a bar mani dattina." Ta janye hannun tana ƙunƙuni, wai ita ba ta taɓa ganin ilimin da ke son ƙazanta ba.

Yaya ne ya tafi da gwangwanin, a ɗakinsa ya kwana. Shi ya kawo shi Mafara. Ya tsaya a kan Malam tun daga niƙa har narkawa, ko fitsari bai fita ba.

Aka ɗiga fairogalol. Malam ya miƙa masa kwalbar, ya nuna masa layin da ke bakin taga, ya koma can ƙarshen ɗaki ya harɗe hannu.

Yaya ya fara daga kwalbar ƙarshe, mai kaurin rawaya. Ba su yi kama ba. Ya matso ta kusa da ita. Ya sake matsowa. Ina tsaye ina kallo, yana ta gangarowa, har ya zo tsakanin kwalbar babu da mai bi mata. Nan ya tsaya. Ya leƙa ta sama, ya leƙa ta gefe, ya ɗaga ta saitin rana.

Ya daɗe a haka.

Malam ya ce daga inda yake, "Akwai shi, ba zan ce maka babu ba. Amma sai ka juye gonar ga duka kahin ka tara abin da albasar shekara guda za ta hi shi. Gonarku ta, shawara taku ta."

Yaya ya ajiye kwalbar a hankali. Ya fita ba sallama.

Na ji haushinsa ranar, na kuma ji tausayinsa. Mutum ne aka karɓe masa mafarki a gaban ƙanwarsa.

Masu haƙa ba su shigo ba. Da ruwan farko ya sauka, gero aka shuka. Diga da shebur ɗin nan suka zauna a bayan rumbu, Inna tana shanya tsumma a kansu.

Yaya ya yi kusan shekara ko sunan Malam ba ya son ji. Sai da gonakin da aka haƙa gaba da mu suka zama tafkuna, baƙin da suka cika wurin suka watse suka bar masu gona da ramuka, sannan wata ranar Talata aka gan shi a ƙofar lab da buhun albasa. Ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Tun daga nan duk kasuwar Mafara sai ya biya. Har ya zama in na kira Malam, shi yake ba ni labarin gidanmu.

Ganina na ƙarshe da shi bayan ƙaramar salla ne. An ce mini jikin ya matsa, na je gidansa. Ya rame, idon ma ya yi rauni, ya ce yanzu duk duniya rawaya-rawaya yake ganinta, da a ce zai koma lab da kowa ya yi arziki. Na kai masa albasar da Inna ta ba ni. Ya sa hannu a ledar yana shafawa ɗaya bayan ɗaya, duk manya, ba ko guda mai tabo.

Ya yi murmushi ya ce, "Inna ba ta daina ba."

Na ce ba ta daina ba, Malam.

Ya ce, "Wagga na karɓa. Awo daban, kyauta daban."

Ya tambaye ni 'yan matan da nake koyarwa. Na ce masa har yau da jarkar zoɓo nake fara darasin, kuma akwai guda biyu da idonsu ya fi nawa, sun ce kimiyya za su karanta. Ya ji daɗi sosai, har ya tashi zaune. Ya sa aka ɗauko masa wani kwali a ƙarƙashin gado. Kwalaben gwajinsa ne, nasa na kansa, kowace an naɗe ta da tsohuwar jarida. Ya ce in kai musu, kuma kada in kuskura in jera su ba kwalbar babu a farko.

Da na tashi tafiya sai ya ce, "Rabi, na ƙare rayuwata ina hana mutane zaɓe, ina cewa a kawo da datti da komi. Amma ranar da za a auna nawa, roƙona Allah Shi yi mani irin regewar Inna."

Na yi dariya a lokacin. Yau na kasa.

Na sake kiran Yaya ɗazu in ji ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce ya manta wayar, tun da ya gama magana da ni ya zagaya bayan rumbu, ya ɗauki digar nan da shebur ya ɗaure a mashin ya nufi Mafara. Ya ce kabarin Malam ba zai so a gama shi babu hannunsa a ciki ba.

Shekara da shekaru suna ajiye ba a haƙa komai da su ba. Ashe ranarsu ke nan.

Gonar tana nan. Albasar bana ta yi kyau, Inna tana can tana zaɓar manya. Kwalaben suna kabad ɗin makarantarmu, kuma gobe in Allah Ya kai mu zan jera su a bakin taga, ko da kuka ne sai na yi darasin.

Ya Allah, Kai da ba Ka mance aikin alheri ko da ya kai ƙwayar zarra, ga bawanka Lawali ya zo. Ka wanke masa kurakuransa su bi ruwa, Ka bar masa masu nauyin a ƙasan ƙwarya. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba iyalinsa haƙuri da dangana, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce haka. Ka tsaya ka yi masa addu'a, ko ɗigo ɗaya ce. Shi mutum ne da ya san darajar kaɗan.